Robar fitsari ga tsoho mai ciwon karkarwa: kada ta zama matakin farko

A wani gida da na sani a nan Dakoro, 'ya'ya uku sun kwashe mako biyu suna ja-in-ja a kan mahaifinsu. Tsohon ya haura shekara 70, kuma ya daɗe yana fama da ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Parkinson. Hannu na rawa, ƙafa ta yi nauyi, tashi daga tabarma sai an kama shi. Abin da ya fi damun gidan yanzu shi ne fitsari. Cikin dare yakan farka sau biyar ko shida, kafin ya kai bakin ƙofa ya riga ya jiƙe. Babban ɗan, mai kasuwanci a Maraɗi, ya bugo waya ya yanke hukunci: a kai Baba asibiti a sa masa roba, kowa ya huta. Ƙanwarsa, wadda ke wanke zannuwa kullum safiya, ta ce, "Yaya, ni ma na gaji, amma wa zai riƙa duba robar? Kai kana Maraɗi." Autan bai ce komai ba, ga shi kuwa shi ne mai kwana a ɗakin.

Ba na ganin laifin babban ɗan. A ƙasar da rijiya ke da zurfi, ruwan wanki kansa kuɗi ne, ga wari, ga rashin barci. Amma ra'ayina shi ne robar da ake bari a jiki dare da rana ita ya kamata ta zo a ƙarshe, bayan an gwada sauran hanyoyi.

Da farko iyali su sani cewa matsala biyu ce ake kira da suna ɗaya. Akwai wanda fitsari ke matsa masa da gaggawa, jiki kuma ya ƙi saurin kai shi makewayi. Wannan shi ya fi yawa ga masu ciwon karkarwa. Akwai kuma wanda mafitsararsa ke cika ta kasa juyewa, sai ya riƙa ɗiga. A kan tabarma duk jiƙa ce iri ɗaya, amma na farko ba ya bukatar a zura masa komai, na biyu kuwa idan aka bar shi ƙodarsa na iya lalacewa. Gane bambancin ba wuya: tsoho ya yi fitsari, sannan a duba abin da ya saura a mafitsara da na'urar hoton ciki, ko ma'aikacin jinya ya sa roba sau ɗaya ya auna ya cire. Riƙewar ma sau da yawa tana da dalilin da za a iya gyarawa: kumburin furostat, wato tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ko taurin bayan gida, ko magani. Artane, da ake yawan bayarwa don rage rawar hannu saboda arha, yana daga cikin magungunan da ke riƙe fitsari, yana kuma rikita tsofaffi. Kada wanda ya dakatar da shi da kansa, amma a kwashi duk ƙwayoyin da Baba ke sha a nuna wa likita.

Ita robar zama, da ma'aikatan lafiya ke kira sonde, ana zura ta har mafitsara, a hura wani ɗan balan-balan da ruwa don ya riƙe ta. Daga ranar da aka sa ta, ƙwayoyin cuta sun samu hanya. Masana sun ƙiyasta cewa haɗarin shigarsu fitsari na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari a kowace rana, shi ya sa bayan wata guda kusan duk mai ita yana ɗauke da su. Ga mai ciwon karkarwa, ciwon mafitsara ba lallai ya zo da zazzaɓi ba. Sai a ga tsoho ya rikice, yana ganin mutanen da babu su, jiki ya ƙara sandarewa, a ce tsufa ne ko iska. A cikin wannan ruɗewa ne wasu ke fizge robar da balan-balan ɗin a hure, su ji wa kansu mummunan rauni.

Sannan roba tana son canji. Ta talaka, mai ruwan ɗorawa, bai kamata ta wuce kimanin mako huɗu ba. Ta silikon tana iya kai mako 12, amma ta fi tsada. Wanda ke cikin garin Dakoro asibiti na kusa da shi. To mutumin ƙauyukan Kornaka, ko Birnin Lalle, ko can Soli Tagris fa? Idan ta toshe da tsakar dare cikin damina, mara ta kumbura, tsoho na nishi, a amalanke za a ɗauko shi ko a bayan babur? Idan kuma aka ce sai likitan mafitsara, tafiyar Maraɗi ce, fiye da kilomita 100. Ragin rabin kuɗin asibiti da gwamnati ta fara a watan Satumba 2024 ya taimaka, sai dai bai shafi kuɗin mota ba.

Akwai lokacin da babu makawa: fitsari ya riƙe, ko gyambon kwanciya ya fito a ɗuwawu yana jiƙewa, ko jinya ta kai gargara ana neman sauƙi kawai. A nan a sa, kuma a kiyaye: jakar ta zauna ƙasa da mara amma kada ta taɓa ƙasa, kada a riƙa raba ta da robar, a wanke hannu da sabulu kafin a juye. Idan zaman zai daɗe, a tambayi likita batun wadda ake hudawa ta mara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke tsallake abubuwa masu arha. Mutumin da hannunsa ke rawa, mun bar shi da wando mai mazagi, yana kokawa da ƙulli fitsari na matsa masa. A sauya masa da mai roba a ƙugu. A ajiye gora mai faɗin baki da fitila kusa da shimfiɗa. A riƙa tuna masa duk bayan awa biyu ko uku, kafin ya matsu. A rage shayin yamma. Amma kada a hana shi ruwa da rana don a rage wanki, kamar yadda na ga ana yi. Da zafin Afrilu da Mayu, hana tsoho ruwa na jawo jiri in ya miƙe, ya faɗi ya karye, ga taurin ciki da zai ƙara dagula fitsarin.

Ga namiji da fitsarinsa ke fita, akwai wadda ake sawa ta waje kamar kwaroron roba, a haɗa da jaka. Ba ta shiga jiki, ana canza ta kullum, kuma ana iya sawa da dare kawai. Sharaɗinta a samu daidai girma, kuma kada a kuskura a ɗaure ta da zare ko filasta mai matsewa. Ga mata sai famfas na manya da kula da fata. Ga mai riƙewa kuma akwai ta sa-a-cire, sau huɗu zuwa shida a rana, wadda ta fi ta zama aminci, amma tana son hannu natsattse. Hannun Baba ba zai iya ba, ke nan sai ɗansa ko matarsa.

Nan ne kunya ke shigowa, kuma nan ne muka fi yi wa tsofaffi rashin adalci. Ana shawara a zaure, a waya, shi yana ɗaki ba a tambaye shi ba, alhali ciwon karkarwa na rage murya da motsin fuska tun hankali na nan garau. Wani zai ce ya fi son roba da ɗansa ya riƙa ganin tsiraicinsa, wani zai ce sam. Da yawa damuwarsu salla ce. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bayanin sauƙin da aka yi wa mai yoyon fitsari, yana nan cikin Risala. A kira malami ya kwantar masa da hankali.

Ga hukumomin lafiya na jihar Maraɗi, roƙona ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun haura miliyan 8.5 a 2019, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Za su ƙaru a ƙauyukanmu. A ajiye robar waje a ƙananan asibitoci, kuma duk wanda aka sa wa ta zama a rubuta wa iyalinsa dalilin sawa da ranar cirewa.

A gidan da na faro da shi, an kai tsohon an auna, mafitsara na juyewa. An sauya wando, an ajiye gora, autan na tashinsa sau biyu cikin dare. Har yanzu wasu ranakun ana wayar gari da wanki, kuma babban ɗan bai gamsu ba. Ya dai fara aiko da famfas daga Maraɗi duk ƙarshen wata.