Jiran walƙiyar da ba ta sallama

Makon jiya Umma ta tambaye ni a waya: "Wai ke, wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa?" Na ce mata walƙiya muke jira. Ta yi dariya, amma gaskiyar ke nan.

Idan ƙaton tauraro ya mutu, wani lokaci tsakiyarsa kan dunƙule wuri guda. Faɗinta kusan kilomita 20 ne kacal, amma ta fi rana nauyi. Kaɗan daga cikin irin waɗannan suna da ƙarfin maganaɗisun da ba a san kamarsa ba a sararin samaniya. Su ake kira magneta, kuma waɗanda aka sani kusan 30 ne. Maganaɗisun kan murɗa ɓawon tauraron har ya tsage, sai ya watso hasken gama, wanda ido ba ya gani.

Sau uku kacal aka ga babbar walƙiyarsu a kusa da mu: 5 ga Maris 1979, 27 ga Agusta 1998, da 27 ga Disamba 2004. Ta 2004, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, ta fitar da makamashin da rana ke fitarwa a fiye da shekara 100,000. Ta dashe idon na'urorin da ke sama, ta taɓa saman iskar duniyarmu.

Wannan iskar tana tare hasken gama, don haka sai daga tauraron ɗan'adam ake ganinsa, kuma ba a san ranar zuwansa ba. A 15 ga Nuwamba 2023, INTEGRAL na hukumar sararin samaniyar Turai ya kama wata daga gungun taurarin M82. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ta yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne na 2025. Masu bincike suka waiwayi wani ɗan haske da INTEGRAL ya naɗa mintuna bayan walƙiyar 2004, wanda aka kasa fassarawa, suka ce alamar ƙera ma'adanai masu nauyi ce, irin su zinare. Shekara 20 amsar na kwance a ajiya.

A Fabrairun 2025 aka sallami INTEGRAL daga aiki. Idan ta huɗu ta zo gobe, ido ɗaya ya ragu.

Ɗalibai 'yan'uwana, kada ku zubar da sakamakon da ba ku gane ba. Ku adana shi da kyau.

Na ce wa Umma wataƙila zinaren ɗan kunnenta daga can ya fito. Ta ce: "To, Allah ya sa ki gama lafiya."