Zancen Gida: Yaro, Malami Da Littafin Da Aka Hana

Ya ku iyaye, idan ɗanku ya komo daga makaranta ya ce malami ya ba su aikin gida, su rubuta ko daidai ne hukuma ta hana wani littafi, kada ku yi saurin ba shi amsa. Ga mu mazauna Sabon Gari da Fagge wannan ba zancen nesa ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso tashar Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari domin baƙin da ya kawo, littattafai suke shigowa garin nan, gardama kuwa tana biye da su.

A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya na Hausa, aka ƙone su a gaban jama'a, wai suna lalata tarbiyyar 'yan mata. A 2023 kuma gwamnatin Kano ta hana Queen Primer, tsohon littafin koyon Turanci. Gaskiya ne, akwai littattafan da ni ma ba zan so a hannun 'yata ba. Amma yaron da ya rubuta "a ƙone su duka" bai yi aikin da aka ba shi ba. Wanda ya rubuta "a bar su duka" shi ma haka.

Ku ɗauki Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin wani ɗan kasuwa ne da ya ƙara aure, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara, ta shiga sayar da abinci domin ta ciyar da su. Akwai mugunta a ciki, ba shakka. To, marubuciyar yabon muguntar take yi, ko kuwa nuna ladanta? Wa ya sha wuya, wa ya ji kunya a ƙarshe? Tambayoyin da malami yake so yaro ya amsa ke nan, kuma ba ya iya amsawa sai ya karanta har ƙarshe. Ai Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye zunubin Dawuda da Batsheba ba.

Sa'an nan ku buɗe masa wurare biyu. A cikin Ayyukan Manzanni 19, mutanen Afisa da suka ba da gaskiya suka kawo littattafansu na sihiri suka ƙone, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Nasu ne, sun san abin da ke ciki, ba wanda ya ƙwace musu. A cikin Irmiya 36 kuwa, Sarki Yehoyakim yana zaune bakin wuta, ana karanta masa littafin annabi, yana yankawa da wuƙa yana jefawa ciki, domin maganar ba ta yi masa daɗi ba. Wuta ɗaya ce, zuciya biyu. Ku tambayi yaron, ƙonawar da yake rubutu a kanta da wace ta fi kama, ya kuma kawo dalili.

Ku tuna masa kuma, a 1526 an ƙone Sabon Alkawari na Turanci da William Tyndale ya fassara, a birnin Landan, shugabannin ikilisiya ne suka ba da umurni. Shi Tyndale an kashe shi a 1536.