Sabon Malami da Ƙungiyar Ƙwallon Makaranta

Sau da yawa malamin da ya kammala karatun NCE, da zarar ya kama aiki a makarantar sakandare, sai shugaban makaranta ya damƙa masa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, don kawai shi ne mai sauran jini a jika. Irin wannan malami kan ɗauka cewa wahalar aikin tana filin wasa. Alhali kuwa jarrabawarsa ta farko tana kan takardar sunayen 'yan wasa.

Da gasar makarantu ta ƙarato, za a sami masu ba shi shawarar ya ɗauko sojan haya, wato saurayin unguwa wanda ba ɗalibi ba ne, ko wanda ya daɗe da gamawa, a sa masa rigar makaranta, a rage masa shekaru. Wani lokaci ma daga sama shawarar take fitowa. Abin da ya dace da malamin shi ne ya ƙi cikin ladabi, ko da ƙungiyarsa za ta sha kashi. Dalili kuwa, ɗalibin da ya shafe zango guda yana atisaye, sannan ranar wasa ya ga baƙo sanye da rigarsa, ya riga ya koyi cewa maguɗi ya fi ƙwazo riba, kuma wannan darasi zai bi shi har ɗakin jarrabawa.

Matsalar ba ta tsaya ga makarantu ba. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa har sau 5, tun daga 1985 a ƙasar Sin, amma zargin rage shekaru bai bar wannan gasa ba. A 2009, lokacin da aka yi ta a Nijeriya, har da filayen Kano da Kaduna da Bauchi, hukumar FIFA ta yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gano waɗanda suka wuce shekara 17. Malamin sakandare ba shi da na'ura, amma yana da rajistar aji, ita kuwa ta ishe shi.

Bayan wannan, sai maganar harshe. Ashar da gori sun zama ruwan dare a bakin masu horar da 'yan wasa, har wasu na ganin su ne gishirin aikin. Yaron da aka kira "sakarai" a gaban 'yan kallo ba ya jin gyaran da ya biyo baya. Gara malami ya ja shi gefe ya ce, "Ka bar bayanka a buɗe," domin wannan kuskure ne mai suna, ana iya gyara shi gobe.

Sauran al'amuran masu sauƙi ne: a sanar da iyaye kafin a fita da yara wani gari, a yi atisaye bayan la'asar in rana ta yi sanyi, a tanadi ruwan sha, a kuma sassauta a watan azumi. Wanda ya yi fashin aji ranar Talata kuwa, ko shi ne gwanin cin ƙwallo, a benci zai zauna ranar Asabar.