Na ga Tal National da idona, yanzu ku bar ni in yi magana kan makon ɗalibai

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Tun ina aji huɗu na sakandare a Kwandere nake jin Tal National. Wani kawuna direban babbar mota ne ya dawo daga Nijar da waƙoƙinsu a memori, ni kuma na kwafe. Ga wanda bai san su ba, ƙungiyar makaɗan jita ce ta birnin Yamai, jagoransu ana ce masa Almeida, kuma har aikin alƙali ya yi. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Buzaye. Faifansu Kaani ya fita kasuwar duniya a 2013, Zoy Zoy a 2015, Tantabara a 2018. Shekaru ina cewa sai na gan su. Na tara kuɗi a 2023, sai juyin mulkin 26 ga Yuli ya zo, aka rufe boda har zuwa Maris ɗin 2024, kuɗin kuma ya tafi a handawut da garin kwaki.

To a hutun nan Allah ya nufa. Filin jirgi na nan a Kwandere, amma aljihun ɗalibi mota ya sani. Lafiya zuwa Sakkwato, Illela, Birnin Ƙonni, Doso, sannan Yamai, bayana kamar an daka.

Wallahi da suka fara sai na gane ashe duk shekarun nan rabin kiɗan nake ji. Mai ganga yana duka kana jin sa a ƙirjinka. Mai jita ya ja wata waƙa da na haddace tsaf, minti shida ce a wayata, amma a daren nan ta ƙi ƙarewa, don duk lokacin da mata suka shigo fili sai ya sake juya ta. Tsirkiya ɗaya ta tsinke masa a tsakiyar kiɗa, sauran suka riƙe masa har ya ɗaura wata, ba wanda ya tsaya. Awanni suna yi, wani ya gaji ya miƙa wa ɗan uwansa kayan. Zufa dai ta gaske.

Ina tsaye a wurin, abin da ya faɗo min a rai shi ne makon ɗalibanmu na bara. Kun tuna ai. An karɓi kuɗinmu, an ce za a kawo babban mawaƙi. Ya iso sha ɗayan dare, ya miƙa wa DJ filasha, ya yi minti ashirin yana tsalle yana cewa mu ɗaga hannu. Har ya sauke makirfo yana shan ruwa, muryarsa kuwa tana nan tana rera waƙa a lasifika! Muka yi ihu, muka ɗauki bidiyo, muka watsa a status. Don Allah me muka saya? Waƙar da ke cikin wayar kowannenmu aka kunna mana da ƙarfi, muka biya kuɗin ganin mai ita yana motsa baki.

Na faɗi haka a hostel, wani ya ce ai kiɗan jita na Turawa ne, wai na je na kwaso al'adar wasu. Malam, ita kwamfutar DJ ɗin a Kurmi aka ƙera ta? Buzayen Tinariwen da jita suka ci Grammy a 2012. Bombino ɗan Agadas ya shiga takarar Grammy da faifansa Deran. Mdou Moctar yana zagaya Amurka da Turai da rawaninsa. Waɗannan maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci da su. Kuma ni ba jitar ce ma ta dame ni ba. Shata har ya rasu a 1999 da makaɗan kalangu da ƴan amshi yake tsayawa gaban jama'a, ya ƙirƙiri baiti nan take kan wanda ya gani a wurin. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro. Barmani Choge da ƙwarya. Kiɗa a gaban ido namu ne tun asali, mu ne muka sake shi muka kama filasha.

Wanda ya ce shi ba ya jin kiɗa sam saboda addini, na girmama shi, ba da shi nake ba. Da ku nake, masu cika fili ku kwana kuna rawa, sannan in an ce a kawo makaɗa ku ce ƙauyanci ne.

Wasu za su ce tsada. Ban yarda ba. A makarantar nan akwai yaran da ke kaɗa ganga da jita da fiyano a coci duk Lahadi, hannunsu ya faɗa. Akwai masu kalangu da ke bin biki a cikin Lafiya da ƙauyukanmu. Akwai wata a ajinmu da in ta rera waƙa a wurin wanki sai kowa ya yi shiru. Ba a taɓa ba ɗayansu minti goma a dandali ba, sai dai su sayi tikiti su kalli mai motsa baki. Rabin abin da aka ba baƙon bara zai biya su duka, har a yi hayar kayan sauti masu kyau.

Ban ce kar a gayyato manyan mawaƙa ba, ni ma ina jin su. Amma a rubuta a yarjejeniya: da bakinka za ka yi, da makaɗanka. In ba zai iya ba, ya turo filashar a mota, ya fi mana araha.

Ranar Laraba kwamitin shirye-shirye zai zauna bayan la'asar, kuma an ce kowa na iya zuwa. Zan je da wannan maganar. Masu kiɗan da na ambata, ku zo da kanku don Allah, kar ku bar ni ni kaɗai ina ɗaga hannu.