Kuɗin kosiyo ba sadaka ba ne: wa zai biya sharar gida ranar tashi?

Ƴan uwa matasa, yau zancen gidan haya zan kawo muku, musamman ranar da ake tashi, ranar da zumuncin shekaru ke iya watsewa a kan tsintsiya da bokiti.

Shekara 3 na yi a ɗaki ciki da falo a Tanut, ina biyan jikka 15 duk wata. Ranar da na shiga na ajiye kosiyon wata 2, jikka 30 ke nan. Babu takarda, babu shaida, hannu kawai muka yi da mai gidan, dattijo ne da nake kira Baba. Da aka canja min wurin aiki zuwa Belbeji, ni da matata muka kwana 2 muna shara, muka wanke daɓe, muka kwashe tokar murhu, muka kai masa makulli. Ya zagaya gidan ya ce: "Ɗana, bangon nan yana son yaɓe, fenti ya koɗe, masai kuma ya kusa cika. In na cire waɗannan, babu abin da ya rage maka." Na ce: "Baba, ai masan nan na tarar da shi ya wuce rabi, kuma iyali 4 ne ke shiga cikinsa." Ya ce: "Wa ya gani?"

Wallahi wannan tambayar ce ta kashe min baki. Babu wanda ya gani. Mota tana jirana a tasha, kaya a ɗaure, sai na haƙura na tafi. Bayan wata ɗaya wanda ya gaje ni a ɗakin ya kira ni, ya ce ba a yi yaɓe ba, ba a shafa fenti ba, ba a taɓa masai ba, kuma shi ma an karɓi kosiyonsa na wata 2.

Ba ni kaɗai ba ne. Duba waɗanda ke haya a Tanut da Belbeji: malaman lakkol, yawancinsu ƴan kontaragi, ma'aikatan likita, ƙananan ma'aikatan gwamnati, ɗaliban da suka baro ƙauyuka don karatu, da ƴan kasuwa masu bin hanyar Damagaram zuwa Agadas. Duk mutane ne masu tashi da gaggawa. Wanda aka turo wa takardar canjin aiki ba shi da sati guda na zaman gardama, kuma masu gidaje sun san haka. Shi ya sa kosiyo ya koma kamar kuɗin da aka yi wa bankwana tun ranar da aka miƙa shi.

Ra'ayina a taƙaice: dauɗar da ɗan haya ya yi da hannunsa, tasa ce, ya share ko ya biya. Abin da iska da ruwan sama da shekaru suka yi wa gida, na mai gida ne, don kuɗin hayar da yake karɓa duk wata ai saboda haka ne.

Mu yi wa kanmu adalci tukuna. Akwai ƴan haya da ke barin gida kamar juji: leda ko'ina, ruwan wanke-wanke kwance a tsakar gida, kashin awaki har cikin ɗaki, bango baƙi ƙirin da hayaƙi don an yi girki a falo, ƙofa a ɓalle, ga bashin wuta da na ruwa. Irin wannan in an cire masa kuɗi, kada ya zo yana kukan zalunci. Kuma ba kowane mai gida ne attajiri ba. Akwai gwauruwar da ɗakuna 2 na gado su ne abincin marayunta, akwai tsohon da hayar nan ita ce fanshonsa. Wanda ya ɓata musu gida ya gudu, ya ci haƙƙi.

Amma a Damargu muke. Nan hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa, rairayi ya taru a gindin bango ko da mutum yana shara safe da yamma. Gidan laka kuwa duk damina sai ta ci rabonta: yaɓe ya zube, indararo ya karkace, soro ya fara yoyo. Wannan aikin sama ne, ba aikin ɗan haya ba. Ko babu kowa a gidan sai an yi yaɓen. To don me za a jira sai ranar tashina a ɗora min damina 3?

Abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne, doka ta daɗe da yin magana a kan wannan. Nijar tana da dokar hayar gidaje tun 1996. Kundin dokokin mu'amala da muka gada daga Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne, ya fayyace zancen filla-filla. Aya ta 1730 tana nufin cewa in an duba gida an rubuta halin da yake ciki ranar shiga, ɗan haya zai mayar da shi yadda ya karɓe shi, ban da abin da tsufa ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum ya lalata. Aya ta 1755 ta sauke wa ɗan haya gyaran da tsufa ya jawo. Aya ta 1756 kuwa kamar don ni aka rubuta ta: yasar rijiya da kwasar masai a kan mai gida suke, sai fa in an yi yarjejeniyar akasin haka.

Sai dai akwai aya ta 1731, kuma nan ne tarkon yake. In ba a duba gidan an rubuta ba ranar shiga, ana ɗauka cewa ɗan haya ya karɓe shi lafiya lau, sai in ya kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Kun ga ke nan "wa ya gani?" ɗin Baba ba zancen banza ba ne. Rashin takarda ni ya cuta, ba shi ba.

Malamanmu na Malikiyya ma ba su bar zancen ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an tattauna sharaɗin kwasar masai da gyara da yaɓe a babin haya. Ka'idar fiƙihu ita ce, abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ganganci ko sakaci. Wato ta boko da ta zaure sun haɗu a wuri ɗaya: a yi sharaɗi tun farko, a fili.

Wani zai ce, haba, mu da muka san juna, ka ce wa sa'an mahaifinka ya sa hannu a takarda? Ai rashin kunya ne. Ni ma haka na ɗauka, kuma kunyar nan ta ci min jikka 30, ta kuma raba ni da dattijon da nake gaisarwa kullum. Takarda ba zargi ba ce. Ita ce ke tsare mutuncin mutum biyu ranar da kowa ya manta abin da aka faɗa.

Akwai kuma wadda ba a ambata a lissafin nan. Wa ke yin sharar a zahiri? Matar ɗan haya da ƙannenta da ƴaƴanta. Ta share gidan da ta shiga, don ba a taɓa ba ta shi a share ba, ta share wanda za ta bari, sannan a cire kuɗin shara daga kosiyon mijinta. Aiki ɗaya, an yi shi sau 2 kyauta, an kuma karɓi kuɗinsa.

Ga abin da nake roƙon kowa ya yi daga yau. Ranar shiga, kafin a sauke katifa, ku zagaya gidan da mai shi da shaidu 2, in da hali har da wakilin mai unguwa. Ɗauki hoton bango, daɓe, ƙofofi, masai da lambar da ke kan kwantar wuta da ta ruwa, ka tura wa mai gida ta WhatsApp a ranar, kwanan wata ya zauna. Ku rubuta a takarda ɗaya, da boko ko da ajami: nawa ne kosiyo, wa ke yaɓe, wa ke kwasar masai, yaushe za a mayar da kuɗi. Ranar tashi a sake zagayen. Duk abin da za a cire a faɗe shi ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa, ba a ce "gyara" a dunƙule ba. In an kasa daidaitawa, mai unguwa da sarki suna da hurumin sulhu, in ya gagara akwai kotu a Tanut.

Masu gidaje, iyayenmu, kosiyo ajiya ce a hannunku. In kun cire don yaɓe, a ga yaɓen.

A Belbeji, ranar da na shiga sabon ɗaki, na fito da takarda da biro. Mai gidan ya yi dariya ya ce: "Mushe, har da wannan?" Na ce: "Baba, ku yi haƙuri, an taɓa tambayata wa ya gani." Ya karɓa ya sa hannu, maƙwabcinsa ma ya sa.

Ku fa, nawa aka mayar muku ranar da kuka tashi?