Littafi nawa ka karanta bana, kuma su wa suka rubuta su?

Bari mu yi ɗan gwaji, ni da kai. Kada ka fita daga shafin nan, kada ka leƙa WhatsApp. Lissafo mini littattafan da ka karanta daga Janairu zuwa yau. Ban da na makaranta, ban da na jarrabawa. Waɗanda ka karanta don jin daɗin ranka nake nufi, irin waɗanda ake raba dare a kansu har cajin waya ya ƙare.

Na san yadda za a yi. Uku ko huɗu za su zo da sauri, daga nan sai a fara "akwai wani na wata yarinya da aka yi wa auren dole, wanda mijin ya dawo daga Dubai, kai, sunan ya kwanta mini." Ke kuma 'yar'uwa, wataƙila kin karanta sun fi talatin, kina iya ba da labarin kowanne tun daga farko har ƙarshe, har kukan da kika yi a wani wurin kina tune da shi. To wa ya rubuta? Shiru.

Wannan shirun ne ya dame ni. Kullum manya suna cewa matasan yanzu ba sa karatu, sai danna waya. Ni ban yarda da maganar nan gaba ɗayanta ba, domin a cikin danna wayar akwai karatu mai yawa. Sai dai in aka ce mu kawo shaida ba mu da ita. Muna karatu kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Ka duba yadda abin yake a da a gari kamar Rurum. Matashin Tsohon Gari ko na Sabon Gari, ko maƙwabcinsa na Kibiya, in yana son sabon littafi sai ya jira mai shiga birni ya ba shi sautu ya biya Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko kuma ya bi layin aro a wurin wanda ya riga shi samu. Da wahala kam. Amma littafin da ya iso hannunsa yana da bango, a jikin bangon akwai sunan marubuci ɓaro-ɓaro, a ciki kuma sau da yawa akwai sunan mai shi da biro, har da gargaɗin a dawo da shi. Shi ya sa yayyenmu da iyayenmu mata har gobe in ka ce In Da So Da Ƙauna za su ce maka Ado Ahmad Gidan Dabino, in ka ce Allura Cikin Ruwa su ce Bilkisu Funtuwa, ba tare da sun tsaya tunani ba. Sun riƙe littafin a hannu kwana da kwanaki, sunan ya zauna.

Yau an huta da sautu. In dai akwai data da sabis, littafin da aka gama rubutawa a Gusau ko Maraɗi da asuba zai iso wayar yarinyar da ke zaune a gindin duwatsun Rurum kafin azahar. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma a wace kama yake isowa? Shafi-shafi a zauren WhatsApp, ko wani dogon rubutu da aka kwafo daga wani zaure, aka tura wani, aka sake turawa, har sunan marubuciyar ya faɗi a hanya. Wani lokacin ma da gangan ake goge shi. Ka karanta, ka ji daɗi, washegari waya ta ce ta cika, ka bi ka share. In ba ta cika ba, ta faɗa ruwa, ko an zare ta a mota. Shi ke nan, karatun shekara ya tafi.

Kada ka ce ai yana nan a intanet. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen 2023. Zaure kuwa mai shi na iya tashinsa a dare ɗaya in ransa ya ɓaci.

Ko na takardar ma ba su tsira ba. Littattafan da aka riƙa bugawa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda wasu ke kira adabin kasuwar Kano, an buga su ne da takarda mai araha, aka karanta su har suka yage, gara ta ci wasu, aka ƙunsa ƙosai da wasu. Sai da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka zauna suka tattara sunayen ɗaruruwan waɗanda suka fito tsakanin 1987 da 2002, aka buga jerin a Jamus a 2004. Ka ji fa, a Jamus. Mu da muka karanta su ba mu rubuta ba. Su kuwa littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kowane ɗan sakandare ya san wanda ya rubuta su, saboda akwai hukumar da ta ajiye lissafinsu, makarantu kuma suka riƙe. Littafin da kike karantawa yau a waya ba shi da hukuma. Ke ce hukumarsa.

Wani zai ce rubuta abin da ka karanta ai yayin Turawa ne. A'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu, ya rubuta wani ɗan littafi a 1812 mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. A ciki ne muka san cewa a wurin yayansa Shehu Usmanu ya karanta irin su Ishiriniya da Ajurumiya da Ahalari da Ishmawi da Risala. Da wannan jerin masana tarihi suka gane me ake karantawa a ƙasar nan shekara ɗari biyu da suka wuce. Gaskiya ne nasa karatun na neman ilimi ne, namu da muke magana na nishaɗi ne, ban haɗa su a sikeli ɗaya ba. Ɗabi'ar dai nake nuna maka: mutum ya san me ya shiga kansa, kuma daga hannun wa. Ko almajirin tsangaya ka tare a hanya ka tambaye shi ina yake, nan take zai faɗa maka izu nawa ya yi cikin sittin. Kai da ke da waya mai kyamara uku ba ka san naka ba.

Abin da yake na waje shi ne tsere. Manhajar Goodreads, wadda Amazon ya saya a 2013, tana da gasar shekara-shekara: a Janairu ka ce zan karanta hamsin, ita kuma ta riƙa nuna maka ko kana gaba ko an bar ka a baya. Yayin ya fara shigo mana, za ka ga a Disamba an jera hotunan banguna a sitatus, an rubuta 52 ko 100 da manyan lambobi. Ni ba na goyon bayan wannan, ko kaɗan. Da zarar lamba ta zama abin nema, sai mutum ya fara gudun littafi mai kauri yana farautar 'yan sirara, ya riƙa tsallake shafuka don ya kai ƙarshe, ya ƙi ajiye wanda ya gundure shi don kada lissafi ya ragu. Karatun nishaɗi ya koma aikin gayya ba tuwo. Ga shi kuma akasarin littattafan Hausa da ake karantawa a zauruka ba sa cikin manhajar ma, sai ka ga mutum ya jera na Turanci biyar ya ɓoye na Hausa ashirin, kamar su ba karatu ba ne.

In lissafi kake so, ga shi a sauƙaƙe: shafi 10 a rana shafi 3,650 ne a shekara, wato littafi mai shafi 200 guda 18. Ba sai ka yi wa kowa alƙawari ba.

Abin da nake ba ka shawara ƙarami ne. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ka ware shi. Takarda na ce, domin ita ba ta neman caji kuma ɓarawo ba ya kallonta. Duk littafin da ka gama, ka rubuta sunansa, da sunan wanda ya rubuta shi, da ranar da ka gama, da inda ka same shi. In ba ka ga sunan marubuci ba, ka tambaya a zauren da aka turo shi kafin ka wuce na gaba. Wanda ka saurara ana karantawa a rediyo ko a YouTube shi ma ka sa, ka ɗan yi masa alama, ai labarin ya shiga kunnenka. Wanda ka fara ka watsar a tsakiya shi ma yana da gurbi, ka faɗi shafin da ka tsaya.

Sannan layi ɗaya na ra'ayinka, kuma nan ne aikin yake. "Ya yi daɗi" ba ra'ayi ba ne. Me ya yi daɗin? Ka ce matar uban da ke cikin labarin ta fi jarumar kama da mutanen gaske. Ki ce marubuciyar ta san zaman gidan yawa, amma da ta kai labarin asibiti sai ta nuna ba ta taɓa jinya ba. Ka ce ƙarshen an yi shi ne cikin gaggawa don a fara tallar littafi na gaba. Layin farko da na biyu za su yi maka wuya, za ka zauna da biro a baki kana rasa abin faɗa game da abin da ka kwana uku kana karantawa. Zuwa na goma sai ka ga tun kana cikin karatu idonka ya fara lura da abin da da can yake wuce ka: inda aka ja labari don a ƙara shafi, inda aka ɗauko fim ɗin Indiya aka sa masa hula da mayafi, da inda marubuci ya faɗi wata gaskiya da ba ka taɓa jin an faɗa da Hausa ba. Mai karatun da ya kai nan ba a sayar masa da kowane tarkace, kuma marubuta suna jin tsoron irinsa fiye da yadda suke jin tsoron malaman jami'a.

Akwai wani gurbi da zan so ka ƙara, ko da zai yi maka ɗaci: na biya, ko ban biya ba. Marubuta da yawa yanzu a waya suke sayar da littattafansu, 'yan ɗaruruwan naira, sai wata ta biya ta kwafe ta watsa wa dubbai kyauta. Kowa ya san ana yi, kowa na cewa ai ni turo mini aka yi. To ka rubuta. In Disamba ta yi ka ga littafi 25 ka karanta, 2 ka biya, ba sai wani ya yi maka wa'azi ba.

Na san akwai mai cewa ba ta son a ga abin da take karantawa. Littafin rubutun naki ne, ki sa shi ƙarƙashin kayanki a akwati, ba don sitatus aka yi shi ba. In kuma akwai sunan da ke kanki kike jin nauyin rubutawa alhali ba mai gani sai ke, to wannan magana ce tsakaninki da kanki, ba zan shiga ba.

Daɗin abin sai ƙarshen shekara. Za ka buɗe ka ga shekararka a kwance. A yankin da noma ne sana'a, kada ka yi mamaki in ka ga Yuli da Agusta fayau ba ko layi ɗaya, an dawo daga gona a gajiye, sannan lokacin sanyi shafi ya cika. Za ka ga inda azumi ya shigo karatun ya sauya, da inda jarrabawa ta cinye wata guda. Za ka kuma ga abin da ba ka zata ba, wato littafi goma sha biyu da ka karanta ashe labari ɗaya ne aka sauya wa sunaye: ɗan mai kuɗi, 'yar talaka, uwa ta ƙi, daga baya ta yarda. Ba laifi ba ne son labarin soyayya, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ma na soyayya ne, kuma tun 1980 ake karanta shi. Amma in ka ga haka a rubuce da hannunka, kai da kanka za ka nemi canjin miya. Ka nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, ko Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, alhali da yawa daga cikinmu da aka rubuta shi da harshenmu ba mu taɓa buɗe shi ba.

Gurbin nan na "inda na same shi" kuma yana da wani amfani a ƙaramin gari. Da shi za ka tuna littafin wa ke hannunka wata bakwai ba ka mayar ba, da wanda ya karɓi naka ya yi shiru. In ku biyar ne a unguwa kuke yin haka, ranar da kuka haɗa littattafan rubutunku wuri ɗaya za ku san wa ke da me daga Rurum har Rano, wanne ya cancanci a ba mai shiga Kano sautu, wanne kuma mutum uku suka watsar a shafi na talatin, ba sai na huɗu ya ɓata datarsa ba.

Ba sai ka jira 1 ga Janairu ko 1 ga Muharram ba. Ka fara da wanda ke buɗe a wayarka yanzu, ka koma shafinsa na farko ka duba ko sunan mai shi yana nan.