Ku bar rediyon tsohuwar motarku a inda yake

1/ Samari masu Golf da 406, don Allah ku daina ɓalle rediyon asali don kawai babu Bluetooth. Ni na yi, na ji jiki: mai wayarin ya yayyanke wayoyi, kullum da safe sai an tura ni.

2/ 'Yar na'urar FM ɗin nan ta wadatar. Soka ta a ramin kunna sigari, haɗa da wayarka, nemi mitar da babu tasha, saita rediyon a kanta. In ta fara shuuu tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, tsaya gefe ka sauya lamba, ba kana tuƙi ba.

3/ Amma fa kira ma ta lasifika yake fitowa. Jiya Hajiya ta kira, fasinjoji huɗu suka ji bashin da ake bina.